Jakin jitata ya tashi ta baya bayan na canza tsirkiya, ga biki ranar Asabar

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Don Allah taimako nake nema cikin gaggawa. Jitata ta lantarki ce ƙirar Stratocaster, ba ta asali ba, kwafi ce na saya a hannu shekara biyu da suka wuce, tiremolonta, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa mai sandar da ake dannawa murya ta sauka, mai sukuru shida ne. Tun da na saye ta tsirkiya mai lamba 9-42, wato kaurin ta ɗaya 9, na ta shida 42, nake sa mata. Jiya na zaga ban samu ba sai 11-49, na saya, na cire tsofaffin duka na ɗaura sababbin. Ina cikin saiti sai na ga ƙarfen tiremolon yana ta ɗagowa ta baya, yanzu har ƙaramin yatsana yana shiga ƙarƙashinsa. In na saita ta shida na gangaro zuwa ta ɗaya, kafin in koma ta shidan ta sauka. Tsirkiyoyin kuma sun yi nisa da wuya, dannawa sai da ƙarfi. Ranar Asabar muna da kiɗan biki. Lalacewa ya yi ko akwai gyara?

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka yarona, babu abin da ya lalace. Wannan ƙarfen da tsirkiya ke hawa, wanda mu muke ce wa jaki kamar yadda masu goge da garaya ke kiran nasu, ba a kafe yake ba. Sikeli ne. Ta gaba tsirkiyoyi shida suna jan sa wajen wuya, ta baya kuma akwai sifirin a cikin ramin da ke bayan jitar suna jan sa su ma. Inda ƙarfin biyun ya yi daidai, nan yake tsayawa. Tsirkiyar 9-42 a wuya mai tsawon inci 25.5 janta gaba ɗaya bai kai kilo 40 ba. Ta 11-49 ta haura kilo 50. Ka ɗora wa gefe ɗaya na sikeli ƙarin kilo goma sha wani abu, ɗaya gefen ba ka ƙara masa komai ba, dole ya rinjaya.

Kwance murfin roban da ke baya ka faɗa mana sifirin nawa ne a ciki, sannan ka duba sukurori biyu dogaye da suka riƙe ƙarfen da sifirin ɗin ke maƙale a jiki, saura nawa su shige cikin katako.

Sarkin Solo:
Ba sai an wahala ba. Ka ɗauki sukudireba ka ɗaure sukurori shidan nan na gaban jakin tamau, zai kwanta. Ni haka na yi wa tawa.

Baba Mai Gyara:
A'a, kada ka taɓa su tukuna. Sarkin Solo, ka yi haƙuri, wannan shawarar tana ɓata jita. Sukurori shidan nan su ne madogarar da jakin ke juyawa a kai, kamar hinjin ƙofa. In ka danne su da ƙarfi alhali tsirkiya na ja, za ka tilasta bakin ƙarfen ya cije katako, ramukan sukurun su buɗe, wani lokaci fentin ya tsage. Kuma ko ya kwanta, in ka danna sanda ba zai dawo inda yake ba saboda ya cije. Yadda kamfanin Fender kansa, mai ƙera Stratocaster ta asali, ya tsara shi ne: a sassauta tsirkiya, jakin ya kwanta a jiki, a ɗaga duka shidan kamar milimita 1.6 sama da farantin jakin, sannan a mayar da biyu na gefe da gefe har kawunansu su taɓa farantin kawai, ba tare da sun danne shi ba. Huɗun tsakiya tsaro kawai suke yi.

Sarkin Solo:
To Baba na ji. Ni dai ba na amfani da sandar shi ya sa ban lura ba.

Ɗan Tudun Wada:
Baba na buɗe. Sifirin uku ne, akwai gurbin biyu babu komai. Sukurori biyun kuma da sauransu sosai, kamar tsawon gaɓar yatsa a waje.

Baba Mai Gyara:
Madalla, kana da wurin tafiya. Nemi sukudireba sita wadda ta cika kan sukurun daidai, don in ta yi ƙanƙanta za ta cinye kan. Ka ɗan sassauta tsirkiyoyin duka. Ka ɗaure sukurun dama zagaye ɗaya, na hagu zagaye ɗaya, kada ɗaya ya wuce ɗaya. Ka sake saita jitar gaba ɗaya, ka duba tsayin bayan jakin. Ka maimaita. In ka kusa inda kake so sai ka koma rabin zagaye, sannan kwata. Abin da ke ɓata wa mutane lokaci shi ne su ɗaure sifirin su kalli jakin ba su sake saita tsirkiya ba. Tsayin da ka gani kafin ka saita ba shi ne na gaskiya ba.

In sukurorin sun ƙure jakin bai sauka ba, sai a ƙara sifirin na huɗu. Da 11-49 sau da yawa hakan ake yi.

Injiniyan Sauti:
Bari in ƙara wata dabara da ke rage wannan kai-komon. Ka samu ɗan guntun katako ko katunan waya tsofaffi ka haɗa su, ka cusa tsakanin dunƙulen ƙarfen da ke leƙowa ta ramin baya da bangon ramin, ta ɓangaren gindin jita, ba ta ɓangaren sifirin ba. Ka daidaita kaurinsa yadda bayan jakin zai tsaya a tsayin da kake so. Tunda yanzu tsirkiya ta fi sifirin ƙarfi, ita za ta matse katakon ya tsaya da kansa. Jakin ya zama kafaffe ke nan, sai ka yi saitinka sau ɗaya cikin natsuwa. In ka gama, ka riƙa ɗaure sukurorin sifirin kaɗan-kaɗan har katakon ya saki ya faɗo da kansa. Daidai lokacin da ya faɗo, ƙarfin biyun ya yi daidai. Tsayin da Fender ke bayarwa ga mai son jakin ya yi lilo shi ne kusan milimita 3.2 tsakanin bayan farantin da jikin jita.

Na Agadez:
Salamu alaikum jama'a. Ni ina da magana dabam. Ɗan'uwa, ka ce biki za ka ranar Asabar. Tambayata: a cikin waƙoƙin da za ku yi, nawa ne kake jan sandar sama? In babu, me ya kai ka barin jaki yana lilo? Mu nan da muke kiɗa a fili, rana ta doke jita, yamma ta yi iska ta huce, ga ƙura, ga tafiya a bayan mota, yawancinmu kwantar da shi muke yi. Ka sa sifirin huɗu ko biyar ka ɗaure har farantin ya kwanta a jiki ya zauna daram. Ranar da tsirkiya ta tsinke maka ana tsakiyar rawa za ka gane abin da nake faɗa. In jakin na lilo, ɗaya ta tsinke, jan gaba ya ragu, sifirin ya janye jakin baya, sauran biyar ɗin duk su hau sama. Waƙa ta mutu ke nan. In a kwance yake, sauran suna nan inda suke, ka ƙarasa waƙar da biyar.

'Yar Jos:
Yayana na Agadez, maganarka gaskiya ce ta fuskar tsaro, amma kada a nuna masa kamar lilon ba shi da amfani. Ni ina kaɗa jita a coci shekara takwas, kuma nawa a lilo yake. A waƙa mai sanyi, in na riƙe kod, wato tsirkiyoyi da yawa suna amo tare, na ɗan girgiza sandar, sautin yana kaɗawa sama da ƙasa a kewayen muryar, kamar numfashi. In jakin a kwance yake, ƙasa kawai za ka iya zuwa ka dawo, kuma duk dawowa sai ka ji farantin ya bugi katako ƙwas. Kunne yana jin bambancin. Shahararren makaɗin jita Jeff Beck da jakin lilo ya yi duk abin da ya yi da Stratocaster.

Na Agadez:
Eric Clapton kuma, shi ma shahararren makaɗin jita, katako ya cusa wa nasa ya toshe shi gaba ɗaya. Kowa da abin da hannunsa ke nema, ƙanwata. Amma ki faɗa masa gaskiya game da lanƙwasa tsirkiya. In ya tura Sol sama da yatsa yana riƙe da Si a lokaci guda, Si ɗin sauka take yi, saboda turawar ta ja jakin gaba. Irin kiɗanmu akwai tsirkiyar da ake bari tana ta amo a sake yayin da yatsu ke yawo a sauran. In ita ma tana sauka tana hawa duk lokacin da na lanƙwasa wata, kiɗan ya gurɓace.

Ɗan Tudun Wada:
Yaya wace ce Sol, wace ce Si?

'Yar Jos:
Su a Nijar sunayen Faransanci suke bi. Sol ita ce G, ta uku. Si ita ce B, ta biyu. Kuma abin da ya faɗa haka yake, ni ma ina fama da shi, sai dai na saba in ɗan ƙara tura ɗayar don ta cike. Ba zan ce wa wanda ke da kwana uku ya koyi wannan ba.

Baba Mai Gyara:
Akwai tsaka-tsaki, kuma shi nake yi wa mafi yawan masu kawo mini jita. A kwantar da farantin ya taɓa jiki, amma kada a ɗaure sifirin har sandar ta zama icce. Gwajin shi ne: ka tura G sama iyakar yadda kake turawa a kiɗa, ka sa ido a bayan jakin. In ya ɗaga, ƙara kwatan zagaye. Da zarar ya daina ɗagawa, tsaya nan. Sandar za ta yi ƙasa in ka danna, tsirkiya in ta tsinke sauran ba za su motsa ba. Yarona, don Asabar wannan nake ba ka shawara. Bayan biki in kana son lilo sai ka zauna ka bi hanyar Injiniya.

Malamin Makaranta:
Ku gafarce ni in ɗan kauce. Sunan ma da muke kira kuskure ne da ya bi duniya. Tiremolo a asali hawa da saukar ƙarfin sauti ne, abin da sandar nan ke yi kuwa hawa da saukar murya ne, wanda ake ce wa bibrato. Leo Fender ne ya sa masa wannan suna lokacin da ya fito da Stratocaster a 1954, sannan ya kira abin da ke cikin wasu amfilifayoyinsa bibrato alhali shi ne tiremolon. Sunan ya zauna har yau.

Ɗan Tudun Wada:
Alhamdu lillahi, na samo sifirin ɗaya wurin wani abokina na ƙara, na bi yadda Baba ya ce. Ya kwanta, tsirkiyoyin sun sauko, saiti yana tsayawa. Amma ga wata sabuwa. In na danna sandar na saki, G tana dawowa sama da inda take, wani lokaci har da D, ta huɗu. In na ja ta da yatsa sai ta koma daidai. Kuma in ina murɗa kunnenta sai in ji wani ƙis, muryar ta yi tsalle. Ko in ƙara ɗaure sifirin ne?

Sarkin Solo:
Wuyan ne ya lanƙwashe. Ka murɗa ƙarfen cikin wuya.

Injiniyan Sauti:
Ba wuya ba ne, ba kuma sifirin ba ne. Wannan ƙis ɗin da ka ji shi ne ya tona asirin. Duba farin abin nan mai tsaga shida da ke ƙarshen wuya kusa da kai, wanda ake kira nat. An yanka tsagoginsa daidai kaurin tsirkiyar 9-42. G ɗinka ta da kaurinta 16 ne, ta yanzu 18. Ta shida ta tashi daga 42 zuwa 49. Tsagar ta matse ta. In ka danna sanda tsirkiya ta saki, wani ɓangarenta yana zamewa ya wuce nat zuwa wajen kunnuwa. In ka saki sandar, tsagar ta riƙe shi bai dawo duka ba, sai ɓangaren da kake kaɗawa ya fi da tsauri, murya ta hau. Da ka ja ta da yatsa ka fizgo abin da ya maƙale, shi ya sa take komawa.

Baba Mai Gyara:
Injiniya ya gama magana. A shekarun da na yi ina wannan aiki, mafi yawan wanda ya zo ya ce mini tiremolonsa ba ya riƙe saiti, in na duba sai in tarar jakin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana can sama wajen nat, ko ƙananan ƙarafan nan da ke danne tsirkiya a kan jitar, ko yadda aka naɗa tsirkiya a kunne. Duk inda tsirkiya ke gogar wani abu, nan saiti ke ɓacewa.

Ga abin da za ka yi. Sassauta G ka ɗaga ta daga tsagar. In ta fito da ƙyar ko ka ji ta ɓalle, ta matse. Fara da fensir: ka fere shi ka goga bakinsa cikin kowace tsaga har ta yi baƙi, ka haɗa da ɗigon basilin a kan tsinken sakace. Ka shafa kaɗan a ƙarƙashin ƙarafan danne tsirkiya da kan sirdin kowace tsirkiya a jaki. In bai isa ba sai an buɗa tsagar. Ka samu sanfefa mai laushi sosai, ka naɗe ta a guntun tsohuwar tsirkiya, ka goga gefe da gefe kawai. Ka ji ni da kyau, gefe da gefe. In ka ci ƙasan tsagar ta yi zurfi, tsirkiya za ta riƙa taɓa firet na farko, wato na farko cikin siraran ƙarafan da ke jere a kan wuya, tana zizza, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an cike ko an canza nat ɗin. Goga sau uku, gwada, goga sau uku, gwada.

Sai dai ka yi tunani kafin ka goga: za ka zauna a 11 ɗin, ko za ka koma 9 in ka samu? In za ka koma, fensir kawai ka sa ka haƙura.

'Yar Jos:
Kuma sababbin tsirkiyoyi ne, ka ja su? Kowace ɗaya ka kama ta a tsakiya ka ɗaga a hankali, ka bi tsawonta, ka sake saitawa, har sai ka ja ba ta sauka ba. Sannan naɗi nawa ka yi a kunne? Biyu zuwa uku ya isa a masu kauri, sirara a ɗan ƙara, kuma su jeru ƙasa-ƙasa kada su hau kan juna. Naɗi mai yawa yana saki in ka danna sanda, ba ya komawa yadda yake.

Na Agadez:
Kada ka sa baƙin mai ko man girki a sirdi, ƙura za ta taru ta zama laka. Ɗigon man keken ɗinki ya isa, ka goge saura. Lokacin hunturu ni kowane mako nake bin jakin da tsohon buroshin haƙori.

Mai Ibanez:
Tunda ana maganar, ni tawa irin mai kulle ce, tsarin Floyd Rose. Ba ni da matsalar nat tunda a kulle yake, amma kwanan nan in na danna sanda jakin ba ya dawowa tsakiya, duka shidan sai su ɗan sauka tare, in na ja sama kuma su tsaya a sama. Na rage tsayinsa da alanki watan jiya, tun daga nan abin ya fara.

Injiniyan Sauti:
Da ka murɗa sandunan biyu da jakin ke jingina a kai, ka sassauta tsirkiya ko a ɗaure suke?

Mai Ibanez:
A ɗaure suke.

Injiniyan Sauti:
To ina jin nan ne. Shi wannan tsarin, wanda Floyd Rose ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970, a kan baki biyu masu kaifi kamar wuƙa yake juyawa, kowanne ya zauna cikin tsagar sandarsa. Duk nauyin tsirkiya da na sifirin a kan waɗannan baki biyun yake. In ka murɗa sandar da nauyin a kai, kana goga ƙarfe da ƙarfe ne, kaifin ya dakushe ko sandar ta samu gurbi. In duka shida suka kauce tare, matsalar wurin juyawa ce. In ɗaya ce ta kauce, a nemi inda take gogawa ko inda kullenta ya saki. Cire jakin ka duba bakin a haske. In ƙaramin kaushi ne, ɗan gogawa da shafa mai yana taimakawa. In ya lotsa, sai canji. Kuma wasu jakunan Ibanez suna da ɗan ƙaramin sukuru a cikin sandar da ke kulle ta, sai an sassauta shi kafin a murɗa. In za ka mayar, farantin ya kasance a miƙe daidai da fuskar jita, shi ba a karkace ake barin sa ba irin na Stratocaster.

Ɗan Tudun Wada:
Na yanke shawarar zama a 11, na ji daɗin kaurin sautin. Na goga G da D da ta shida kaɗan, na sa fensir, na sake naɗin biyu da suka hau kan juna. Yanzu ina danna sanda har ƙasa ta dawo daidai. Allah ya saka da alheri. Saura abu biyu: da na haɗa da amfilifaya sai na ji wani gurnani da babu shi da, ko na taɓa tsirkiya ba ya raguwa. Sannan a firet na 12 muryar tana ɗan hawa sama da yadda ya kamata.

Baba Mai Gyara:
Gurnanin, koma ramin baya. Akwai siririyar waya da aka like da dalma a jikin ƙarfen da ke riƙe sifirin, ita ce wayar at, wato wayar ƙasa, ta tsirkiyoyi. Ina kyautata zaton ta cire lokacin da kake sa sifirin na huɗu. Kai wa mai gyaran rediyo ya kankare wurin ya like ta, ƙarfen yana shan zafi, sai da ayan mai ƙarfi.

Na firet 12 kuma dole ne, tunda kauri ya canza. Amma bi shi a jere. Fara da wuya: ka danne firet na farko da na ƙarshe a ta shida, ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 8, ya kamata ta kai kusan milimita 0.25, kamar kaurin katin gaisuwa. In ta fi haka sosai, sabon jan ya ƙara lanƙwasa wuyan, sai a ɗaure ƙarfen ciki kwatan zagaye a jira. Nan ne maganar Sarkin Solo take da wuri. Bayan nan tsayin sirdi, kusan milimita 1.6 a firet na 17. Daga ƙarshe ka gwada kowace tsirkiya a sake da kuma a danne a 12. In ta 12 ta hau, ka ja sirdinta baya, nesa da wuya. In ta sauka, ka matso da shi gaba. Ka sassauta tsirkiyar kafin ka murɗa sukurun, ka sake saitawa bayan kowane motsi.

Ɗan Tudun Wada:
Wayar ce kuwa Baba, na same ta tana reto. Gobe da safe zan kai a like. Wuyan na auna da kati, katin yana shiga da ɗan sarari kaɗan, zan bar shi haka sai bayan biki. Sirdin G da B na ja baya, sun daidaita. Ta shida ce sirdinta ya kai ƙarshe, ɗan sifirin da ke jikin sukurunsa ya matse gaba ɗaya, kuma har yanzu tana ɗan hawa.

Baba Mai Gyara:
Cire sukurun sirdin, ka yanke ɗan sifirin nan biyu da filaya ka mayar da rabi, za ka samu ƙarin wurin ja. Amma kafin ka yanke, ka sauke fikof ɗin wuya, wato abin ɗaukar sautin tsirkiya da ke kusa da wuya, ta ɓangaren ta shida zagaye biyu ka sake gwadawa. Maganaɗisunsa in ya matso kusa da tsirkiya mai kauri yana jan ta, na'urar saiti ta riƙa nuna maka abin da ba shi ne ba. Ka faɗa mana abin da ka gani.